Alawar Da Na Raba Ta Imel

Sallama gare ku 'yan uwana masu bibiya. Wadda ta ɗora tukunya ta rage wuta, don yau bakina cike yake. Masu cewa ina magana kamar tsohuwa kuwa ban ga laifinku ba. A ɗakin kakata Amsa na tashi, kuma duk wanda ya kwana kusa da kaskon turare dole ya tashi da ƙamshinsa.

Ga waɗanda yau suka fara leƙowa, sunana Ikhlas, 'yar Malam Mala, a wani ƙauye da ke gefen Bagwai. Kakanninmu daga Borno suka zo tun ba a haifi Baba ba. Abin da ya rage mana na can shi ne turare, da tsagar fuskar Kaka, da tsokanar Fulani. Wanda nake so kuwa Hashimu ne, Bafulatanin da ya jingine sanda ya ɗauki fartanya, sakataren manoman rani na bakin dam.

Baba bai ƙi shi ba. Abu ɗaya ya kafe a kai, ba za a sa rana ba sai Hashimu ya daina aron injin ban-ruwa.

"Mai aron inji," in ji Baba, "wata rana aron tukunya zai zo."

To akwai wata ƙungiya da ta yi wa manoman bakin dam alkawarin injinan sola. Ta imel ɗin Hashimu za ta aiko da sunayen waɗanda suka samu, kuma wanda bai amsa a cikin makon ba, a miƙa wa na baya. Kun ji inda aurena yake rataye.

Wayar Hashimu ƙarama ce, mai madannai, an ɗaure bayanta da roba. Tawa ce babba. Wata la'asar muna zaure, na sha lafaya ruwan goro wadda Kaka ta turara har sai da na yi atishawa, ita kuma tana bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa, wai gadi take yi, sai ya miƙo hannu.

"Kawo wayarki in sa miki imel ɗina."

"Naka? A wayata?"

"To a ta wa zan sa? Abin da nake jira ai namu ne."

Wayyo jama'a. Wata zobe ake ba ta, wata atamfa. Ni kalmar sirri aka ba ni, kuma wallahi na ji ta fi zinare nauyi.

Kaka ta ɗago kai. "Kai ɗan Fulani, me kake zuba mata a waya? Nono?"

"Baiwata, wasiƙa ce ta zamani. Kyauta ake buɗewa."

"Kyauta? Shi ya sa na gan ka a ciki. Bafulatani da araha, sai ƙuda da miki."

Ya yi dariya ya ci gaba da yi mini bayani. Ya ce masu imel ɗin suna da mai gadi kamar Kaka, ba ya barci. In ya ga saƙo mai kama da na 'yan damfara, sai ya tankaɗe shi ya jefa kwandon shara, wanda suke kira sifam. In kuma ya ga mutum yana watsa wa jama'a saƙo iri ɗaya ba ji ba gani, sai ya garƙame masa ƙofa. Ya faɗa, ba zan yi masa ƙarya ba. Amma ni a lokacin gashin idonsa nake kallo, ina cewa "uhm, uhm."

Matsalar ta ɓullo washegari. Na danna imel ɗin, ya ƙi buɗuwa. Na hau kan turmin da ke gindin darbejiya, inda sabis ɗin gidanmu yake zama, na ɗaga hannu sama kamar mai roƙon ruwa. Shiru. Ashe datar da nake saya ta hira ce kawai, mai araha. Za ka yi hira har bakinka ya bushe, ka kalli bidiyon rawa da na girki, amma da ka nufi imel ko wani shafi, sai a ce ba hanya. Cikakkiyar data mai buɗe ko'ina kuwa, ba kullum talaka yake taɓa ta ba.

Da na yi wa Kaka bayani sai ta ajiye gyaɗarta.

"Wace irin hanya ce wannan? Hanyar kasuwar Ɗanbatta tun ina amarya nake bin ta, ba ta taɓa tambayar jaki abin da ya ɗauko ba. Mai gero ya wuce, mai goro ya wuce. Yanzu a ce mai surutu ya wuce a araha, mai neman abin kansa ya tsaya?"

"Haka suka tsara, Kaka."

"Allah ya tsara su."

Ga inda ciwon yake. Katanga ɗaya ce tsakaninmu da gidan su Aina'u. Tare muka yi wasan 'yar tsana, tare muka yi Islamiyya. Ita ta yi ajin koyon kwamfuta a Ɗanbatta, kuma yayanta Kamaruddeen da ke Kano duk wata yana sa mata cikakkiyar data. Wayarta ba ta san wata rufaffiyar ƙofa ba.

Sai ga saƙon Hashimu ya shigo mini.

"Tunda taki ba ta budewa zan rika lekawa wajen Aina'u in duba. Ki gaida baiwata."

Na rubuta: "Ba komai. Allah ya ba da sa'a."

Ba komai! Ni na rubuta da yatsana. A zuci kuwa cewa nake, Allah ya sa wayar ta faɗa rijiya.

Tun daga ranar, da an yi la'asar sai in ji sallamarsa a ƙofar maƙwabta kafin ya iso tamu. Wai duba saƙo. Ku gaya mini, duba saƙo yana da abin dariya? Don ni dai ta kan katanga ina jin dariyar Aina'u, irin wadda ake ja kamar ana zare ƙullin zare. Rannan na kasa daurewa, na jawo turmin nan na jingina da katanga, na hau na leƙa. Shi yana tsugune daga bakin zaure, ya ƙura wa wayar ido. Ita kuwa ta ci doguwar riga ruwan ganye mai duwatsu a wuya, ta ɗaura kallabi ya karkata gefe, ga jan-baki. Wace ce take sa jan-baki don a duba imel?

"Ke Ikhlas, sauko kar ki karya mini turmi," in ji Kaka daga bayana. "In leƙe na kawo miji da ƙadangare ya yi mata huɗu."

Da ya zo wajena na tare shi da fuska a ɗaure.

"Yau an daɗe ana duba saƙon."

"Sabis ne ba ƙarfi."

"Dariyar dai da ƙarfinta."

Ya kalle ni, ya yi murmushin nan nasa mai sa in manta abin da na shirya faɗa. "Ikhlas, in injin nan ya zo, wa zan kai wa tumatirin farko?"

Na sunkuyar da kai. Amma maganar ba ta kashe wutar ba, toka kawai ta rufa mata.

Wadda ta hura ta kuwa Aina'u ce, a wajen injin niƙa, gaban mata. Ina tsaye da ƙwaryar dawa, Furera mai injin ta ce, "Amaryar Hashimu, matso da naki."

Aina'u ta juyo tana gyara mayafi. "Amarya? Ikon Allah. An raba alawa ne ban ji ba?"

Kun san al'adarmu. Ranar da aka sa rana, dangin namiji suna kawo alawa da goro, a bi gida-gida a raba, kowa ya tauna ya san yarinya ta yi mai ita, saurayi ma ya shiga hannu. Kafin nan kuwa, duk zancen baki ne.

"Ana hanya," na ce.

"To Allah ya kawo. Ni dai ban ci ba. Kuma rijiyar da ba a yi wa murfi ba, kowa da gugansa."

Mata suka kwashe da shewa. Ita ma ta yi dariya ta dafa kafaɗata, wai wasa take. Na dawo gida ban san a wace ƙwarya aka zuba mini garin ba.

Ina da kaza, wake-wake, wadda Kaka ta ba ni tun tana tsako. Ranar kasuwar Ɗanbatta na ba da ita aka sayar. Na sa cikakkiyar data, abin da ya saura na sayi alawa ƙulli guda da goro a teburin bakin masallaci. Ban gaya wa kowa ba.

Da hantsi, Baba yana gona, Inna ta tafi barka, na hau turmi. Imel ɗin ya buɗe tar, kamar an yaye labule. Saƙon ƙungiyar sola bai zo ba tukuna. Sauran duk na iri ne da taki da taro. Na leƙa kwandon sharar nan, na tarar da wata mata daga wata ƙasa, wai mijinta ya mutu ya bar mata dukiya, tana neman mai tsoron Allah irin Hashimu. Na san ƙarya ce, mai gadi ma ya gane ta. Amma ku yarda da ni, ita ma sai da na ja mata tsaki.

Sannan na gan shi. Ba a shara ba, a tsakiyar akwati, zaune daram. Daga Aina'u.

"Gwaji ne, Yaya Hashimu." Da hoton fure ja.

Gwajin me? Mai gadin nan da ake yabo, ya kama matar ƙasar waje, ya bar ta maƙwabta ta wuce da furenta?

Na sauko. Na ɗauko farantin Kaka na tangaran mai bakin zinare, wanda ba a taɓawa sai da Sallah. Na jera alawar a tsakiya, na kewaye ta da goro fari da ja, na shimfiɗa lafayata a ƙasa, na ɗauki hoto. Ya yi kyau, wallahi ya yi kyau. Na koma kan turmi na rubuta da manyan baƙaƙe:

"ALBISHIR! ALBISHIR! GA ALAWA DA GORON HASHIMU DA IKHLAS. WANDA BAI CI BA YA GANI. A YAƊA."

Da farko Aina'u kaɗai na yi niyya. Sai zuciya ta ce, ai alawa ba gida ɗaya ake kai wa ba. A cikin imel ɗin akwai sunayen duk manoman bakin dam, da matan ƙungiya, da dillalan iri, da malaman gona, har da ma'aikatan masu sola. Na zaɓe su kaf. Na danna.

Abin ya tsaya yana juyawa. To ni a hira na saba, in saƙo ya maƙale sai ka sake turawa. Na sake. Yana juyawa. Na ɗaga hannu sama na sake. Na juya gabas na sake. Ban san sau nawa ba, har sai da yatsana ya gaji. Can sai wani jan rubutu na Turanci ya fito, wayar ta fitar da ni waje. Na sa kalmar sirri, ta ƙi. Na ce sabis ne, na sauko, na mayar da farantin ƙarƙashin gadon Kaka da alawarsa, na ji zuciyata wasai kamar na sauke dami.

Daɗin bai kai la'asar ba. Baba ya dawo daga sallar azahar ko takalmi bai cire daidai ba.

"Ina Ikhlas?"

Na fito na durƙusa.

"Yanzu a masallaci Muhammadu Sani dillalin iri ya riƙe hannuna yana mini Allah sanya alheri. Na ce na me? Ya nuna mini waya. Ni Mala, a waya zan ga alawar 'yata? Yaushe na sa rana? Wa ya zo? Wa na karɓa?"

"Baba, ni ce..."

"Na san ke ce! Lafayar wa ce a hoton?"

Kaka ta leƙo daga ɗaki. "Mala, sassauta. Yarinya ce, zafin zuciya ne irin na gidanku." Sai ta ƙura ido a wayar da Baba ya karɓa daga hannuna. "Kai! Wannan ba farantina ba ne? Mala, ƙara mata."

Baba ya ce maganarsa tana nan inda take, ba inji, ba rana. Ya ƙara da cewa tunda na kunyata shi a gaban mutane, in makon nan ya wuce Hashimu bai zo da takardar inji ba, ya daina zuwa zauren gidan nan har sai an ga abin da hali ya yi.

Da la'asar Hashimu ya zo. Bai tsaya gidan maƙwabta ba, kai tsaye ya zo, ko hula babu. Bai yi wa Kaka wasa ba, ita ma ba ta yi masa ba.

"An turo wa manoman ƙauyen gaba sunayensu yau da safe," ya ce. "Namu ma yana ciki, na tabbata. Ranar Juma'a ake rufewa. Ba ni wayar."

Na miƙa masa. Ya danna, ya karanta jan rubutun, ya sake karantawa. Na so ya yi faɗa. Wallahi da ya zage ni da na fi jin sauƙi.

"Sun rufe," ya ce a hankali. "Mai gadin ya ɗauka ɓarawo ne ya shiga imel ɗina yana watsa sifam. Yawancin mutane ma a kwandon shara alawarki ta faɗa musu. Ikhlas, ban gaya miki ba?"

"Ka gaya mini."

"To me ya sa?"

"Ta ce ba ta ci alawa ba."

Ya dafe goshi. Kaka ta yi tari, irin tarin da ake ɓoye dariya da shi.

"Ba za a iya buɗewa ba?" na tambaya.

"Za a iya. Za su tura wata lamba zuwa layin da aka buɗe imel ɗin da shi. In an sa ta, shi ke nan."

Na ji sanyi ya ratsa ni. "Alhamdulillahi! To ciro wayarka."

Bai ciro ba. Ya tsaya yana kallon ƙasa, yana murza robar da ke bayan wayar a cikin aljihu.

"Ba layina ba ne."

"Na wa ne?"

"Lokacin da aka ba ni sakatare ba ni da waya. Aina'u tana ajin kwamfuta, ita ta buɗe mini. Nata ta sa."

Jama'a, kun taɓa taka ƙaya da ƙafar da ke da miki? Ni ina nan ina taƙama an ba ni kalmar sirri, ashe ɗan makulli aka ba ni, uwar makullin tana maƙwabta tun kafin ya san hanyar zaurenmu.

"Ita ta zaɓa maka kalmar sirrin ma?"

"Ikhlas, ba lokacin wannan ba ne."

"Ita ce?"

Ya kau da kai. Wannan ya ishe ni amsa.

Kaka ce ta miƙe, ta shiga ɗaki, ta fito da farantin da alawarsa da goronsa, ta ɗora mini a hannu.

"Ke kika ɗaure, ke za ki kwance. Ba a zuwa roƙo hannu sake. Kai mata, tunda ta ce ba ta ci ba."

"Kaka, ni? Wajen Aina'u?"

"Ko ki kai, ko ki zauna ki auri girman kanki. Shi ba ya buƙatar inji."

Na sa hijabi. Hashimu ya danna wajen da za a tura lambar, ya biyo ni, ya tsaya a waje jikin katanga. Na yi sallama na shiga.

Tana tsakar gida a kan kujera 'yar tsugune, ƙafafunta cikin lalle, wayar tana kan cinyarta. Ta dubi farantin, ta dube ni.

"Lale da amarya. Taki alawar sau nawa ta shigo mini, duk a shara na tsince ta. Ashe akwai ta gaske."

"Aina'u, don Allah. Wata lamba za ta shigo miki."

"Ta shigo."

Ta ɗauki alawa ɗaya, ta ɓare da haƙori, ta jefa a baki. Ta tsotsa a hankali tana lumshe ido.

"Da zaƙi kuwa."

"Karanto mini. In Juma'a ta wuce ya rasa injin."

"Na sani. Ni na cike masa takardar neman." Ta juya wayar ta kife a cinya. "Ikhlas, ke ƙawata ce, amma wannan amana ce. Ɗazu aka shiga imel ɗin bawan Allah aka yi ɓarna, yanzu kuma in ba wadda ta yi ɓarnar makulli? Mai abu zan ba abinsa. Ki ce masa ya shigo da kansa. Da ƙaramar wayarsa ma ba sai ya zo ba, a tawa za mu buɗe." Ta ɗaga gira. "Ki hanzarta, lambar ba ta daɗewa take lalacewa."

Na tsaya. Na dubi lallen ƙafarta, na dubi takardar alawar da ta yar a ƙasa. In na ce a'a, ba inji, ba rana, ba Hashimu a zaurenmu. In na ce to, ni da ƙafata zan kai mata shi.

Ta juye sauran alawar a zaninta ta miƙo mini farantin.

Na fito. Yana nan inda na bar shi, ya ɗago kai da sauri.

"Ta ba ki?"

"Shiga," na ce. "Kai take kira."

Ya dube ni, sai ya cire takalmi ya yi sallama. Na jingina da katanga, farantin Kaka a ƙirjina ba komai a cikinsa. Daga ciki na ji muryar Aina'u tana cewa, "Inna, miƙo sabuwar tabarmar nan, ta baƙi."

Sai ƙamshi ya taso ta kan katanga. Na san shi tun kafin ya gama isowa hancina. Turaren Kaka ne, haɗin gidanmu, wanda na ɗiba da hannuna na kai wa Aina'u da Sallah.